Malamin Farko: Nasiha ga Sababbin Iyaye a Ƙasar Kabi da Gwandu

Ya ku ƙannena da 'ya'yana, samari da 'yan matan da Allah Ya yi wa arzikin aure a 'yan shekarun nan, har kuka fara jin kukan jariri a ɗakunanku, da ku nake wannan magana, musamman mazauna Birnin Kebbi da Argungu da sauran garuruwan da ke jere a gefen fadamar Rima. Labari ya iso muku ta wayoyin nan da ke hannun kowa cewa a ƙasar Amurka akwai iyayen da ba sa kai 'ya'yansu makaranta ko sau ɗaya, su da kansu ke zaunar da su a gida su karantar da su, tun daga koyon baƙaƙe har yaro ya isa shiga jami'a. Labarin gaskiya ne. Wani malamin makaranta mai suna John Holt yana cikin waɗanda suka yi ta kiran mutane zuwa ga wannan hanya tun wajen 1977, kuma zuwa 1993 babu jihar da ta rage a ƙasar wadda dokarta ba ta halatta ta ba, har yaran da ake karantarwa a gida suka haura miliyan ɗaya da rabi tun kafin annobar korona. Ingila ma ta yarda da haka, Jamus kuwa ta hana. Na ji waɗansu daga cikinku suna sha'awar abin, suna tambaya ko za a iya yin irinsa a nan; amsar da zan ba ku ita ce, ban ga maslaha a cire yaro daga makaranta a ƙasarmu ba, amma abin da ya motsa zukatanku har kuka yi tambayar, watau son ku zama kuna da hannu a cikin ilmin 'ya'yanku, wannan gadonku ne tun kaka da kakanni, kuma sakin da muka yi masa yana cikin manyan hasarorin zamanin nan.

Ku dubi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa yake nan Gwandu, inda ya rasu a 1829, mai tafsirin Liya'ut Tawili da littattafai masu yawa a fiƙihu da nahawu da sha'anin mulki. A wajen 1812, bayan ƙurar yaƙe-yaƙen farko ta ɗan lafa, ya zauna ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Ida'un Nusuhi, inda ya lissafa shaihunan da ya ɗauki ilmi a hannunsu da littafin da ya karanta a gaban kowannensu. Duk wanda ya duba littafin nan zai ga cewa malamin da ya fara buɗe masa ido a kan Alƙur'ani shi ne mahaifinsa, Muhammadu Fodiyo, kuma sa'ad da ya sauke, yana ɗan shekara 13, sai mahaifin ya damƙa shi a hannun wansa, Shehu Usmanu, wanda ya karantar da shi Ishiriniya da Ajurumiya da Ahalari da Ishmawi da Risala da littattafan tauhidi. Bayan nan kuma da yawa daga cikin shaihunan da ya ambata kawunnansa ne da baffanninsa. Shehun kansa a gaban mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani. Ba wai sun tsare kansu a gida ba ne, domin sun yi tafiye-tafiye masu nisa don neman ilmi, sun durƙusa a gaban malamai irin su Malam Jibrilu ɗan Umaru. Sai dai sun fita ne bayan gida ya riga ya gina su, kamar yadda manomin fadama ke renon irin shinkafa a ɗan ƙaramin wuri kusa da idonsa, sai ya yi ƙwari sa'an nan ya kai shi babban fage ya dasa.

Kuma wannan gata bai tsaya ga maza ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, a cikin gidan mahaifinta ta tashi, a hannun iyaye mata da 'yan'uwa ta yi karatu, har ta kai ga yin wallafa da Larabci da Fulatanci da Hausa. Da ta girma kuma sai ta naɗa jajojinta, ta ɗora musu malfa, suka riƙa zuwa wurinta daga ƙauyuka suna ɗaukar karatu cikin waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, su koma su sanar da matan da ke cikin gidaje, su ne aka sani da 'Yan Taru. Mahaifinta kuwa a cikin Nurul Albabi ya yi kakkausar suka ga malaman da ke fita waje suna tara almajirai, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. In har malami ya cancanci zargi don ya karantar da na waje ya bar na gida, ina ga wanda bai karantar da na waje ba, bai kuma karantar da na gida ba?

Na kawo wannan tarihi ne don ku tambayi kanku tambaya guda, ku ba kanku amsa tsakaninku da Allah: in ɗanku ya girma, ya zauna ya lissafa waɗanda ya koyi wani abu a hannunsu, ko sunanku zai shiga lissafin, ko kuwa iyakar abin da zai tuna da ku shi ne kun biya kuɗin makaranta, kun sayi littattafai, kun ɗinka kayan salla? Biyan kuɗin makaranta wajibi ne, kuma Allah Ya saka wa mai yin sa da alheri, musamman a wannan lokaci da abinci ma ya zama abin tunani. Amma ku lura da yadda yinin yaro yake tafiya yanzu a gidajen ma'aikata da 'yan kasuwa a Birnin Kebbi. Da sassafe a ɗora shi a babur ko a Keke Napep zuwa boko, ya dawo da azahar ya ci abinci a gurguje ya wuce Islamiyya, da magariba ga malamin lesin yana jira a gidajen da ke da hali, bayan isha kuwa uba yana majalisa ko yana duban waya, uwa ta gaji tana kallon fim, yaron ya yi barci ba tare da wani daga cikinsu ya tambaye shi abin da ya fahimta a yinin ba. Kowane ɗaya daga cikin malaman nan yana riƙe da yara da yawa, ba shi da sukunin ya san inda yaronka ya yi tuntuɓe. Kai da ya kamata ka sani ka wakilta, wanda ka wakilta kuma yana zaton kana dubawa a gida, sai amana ta faɗi a tsakani.

Shekarar 2020 ta tona mana wannan asiri. Da aka rufe makarantun ƙasa a ƙarshen watan Maris saboda annoba, yara suka zauna a gida wata da watanni, aka riƙa sa darussa a rediyo da talabijin, sai iyaye da yawa suka gane, a karo na farko, cewa yaron da ke aji huɗu ko biyar ba ya iya karanta layi ɗaya da kansa, ko da Hausa ko da Turanci, sai dai ya maimaita abin da aka rera masa. Waɗansu iyayen sun tashi tsaye a lokacin, suka shimfiɗa tabarma suka gyara abin da ya gyaru, kuma na tabbata yaran waɗannan gidaje ba za su manta da watannin nan ba har tsufansu. Shekara guda bayan haka, a watan Yuni na 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai, abin da ya jefa tsoro a zuciyar kowane uba da kowace uwa a jihar nan. Ba mu san ranar da za a sake cewa yara su koma gida ba, ko don cuta, ko don ambaliya, ko don rashin tsaro. Gidan da ya saba da zaman karatu ba zai ruɗe a wannan rana ba.

Amma fa ku yi hattara, kada wani ya ɗauki maganata ya mai da ita hujjar hana yaro makaranta. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane uba ya tabbatar ɗansa ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 ke nan, kuma ciwon da ke damun jiharmu shi ne yawan yaran da ba su taɓa shiga aji ba, mafi yawa 'yan ƙauyuka da 'ya'ya mata. Ba'amurken da ya zaunar da ɗansa a gida yana da ɗakin karatu na gari cike da littattafai, da wutar lantarki, da hanyar da yaron zai zauna jarrabawa ya wuce gaba. A wurinmu kuwa sau da yawa in aka ce yarinya za ta zauna a gida, ma'anarsa farantin talla ne da raino da wanke-wanke har ranar aure. Ba za mu sami likita mace da za ta duba matanmu, ko ungozoma ta asibiti, ko malamar da za ta karantar da jikokinmu ba, in ba mu bar su sun bi ta aji sun sami takardar shaida ba. Ku kai su makaranta, boko da Islamiyya, ku san sunan malaminsu, ku gaishe shi, ku girmama shi a gaban yaran. Sa'an nan ku riƙe naku rabon, wanda ba mai iya ɗauke muku.

Rabon nan kuwa ba ya bukatar allon bango ko tebur ko wani tsari mai wahala. Yana bukatar lokaci ƙayyadadde wanda ba ya tashi, ko da kaɗan ne, domin an ruwaito daga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da ya ƙaranta. Wanda ya fi dacewa da yawancin gidajenmu shi ne tsakanin magariba da isha, ko bayan sallar asuba kafin gari ya waye. Uba ya dawo daga masallaci ya ajiye waya a ɗaki, ya zauna a tabarma ɗaya da yaran, ya karɓi allo ko littafi, ya saurari tilawar jiya, ya biya ta yau. In yaron yana matakin babbaƙu da farfaru, to uban ne ya fi cancanta ya kama ɗan yatsansa ya bi da shi kan harafi. A wani daren a ɗauko littafin Hausa, ko Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ko wani makamancinsa, yaro ya karanta da ƙarfi kowa yana ji, uwa tana gyara masa inda ya yi kure. Domin yaron da ya iya karatu sosai da harshen da yake mafarki da shi, Turanci da Larabci ba za su gagare shi ba, wanda kuwa aka hana shi harshensa tun yana ƙarami don a ce ya waye, sau da yawa sai ya tashi ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko. Wanda ya iya ajami a cikinku ya koya wa 'ya'yansa. Akwai gidaje da yawa a ƙasar Gwandu da ke da takardun kakanni a cikin gafaka, wasiƙu da waƙoƙi da lissafin gado, kuma abin baƙin ciki ne a ce jikan mai rubutun ya riƙe takardar bai san ta ina ake fara ta ba.

Sa'an nan ku tuna Allah Ya zaunar da ku a ƙasar da ilmi ke shimfiɗe a fili ga mai ido. Fadamar nan da ta sa sunan Kebbi ya zagaya Nijeriya da shinkafa, har aka zo Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na babban bankin ƙasa, aka kuma kafa manyan injinan casa a nan da Argungu, yara da yawa na cikin gari ba su taɓa taka ta ba, suna cin tuwon shinkafa ba su san kamannin zangarniya ba. Ka ɗauki ɗanka da 'yarka ranar Asabar ku tafi gona, ko taka ko ta ɗan'uwa, su ga yadda ake reno da dashe da ban ruwa da yanka da sussuka, su ji ƙaiƙayi a jikinsu, su san abincin da ake zuba musu da gumi aka same shi. In an gama aune, ka ba yaro alƙalami ya yi maka lissafin zakka: ka sanar da shi cewa nisabin hatsi sa'i 300 ne, cewa abin da ruwan sama ko ambaliyar gulbi ta shayar ana fitar da ushiri, watau ɗaya cikin goma, abin da aka shayar da inji da kuɗin mai kuwa rabin ushiri, ka ce masa mun sami buhu 40, nawa ne hakkin miskinai in na damina ne, nawa ne in na rani ne? In ya ce huɗu da biyu, ya yi darasin lissafi da na fiƙihu a zama ɗaya, in kuma ka sa shi ya raka ka kai buhun gidan wanda ya cancanta, cikin sirri da mutuntawa, ya koyi abin da ba a rubuta shi a jarrabawa. Haka uwa a madafa da wurin awo: mudu nawa ke cikin tiya, kwana nawa buhu zai kai mu in muna dafa mudu kaza kullum, nawa ya rage daga kuɗin cefane, yarinyar da ta saba da wannan ba za a cuce ta a kasuwa ba, kuma lissafin aji ba zai zame mata dodo ba.

Gulbi ma haka. Ɗan Argungu da bai iya bambance giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu ba, bai san yadda ake riƙe homa ko yadda masunci ke hawa gora ya yi iyo ba, an tauye masa gadonsa. Ku kai su wurin dattawan Sarkawa su yi tambaya da ladabi, su ji sunayen kifaye da lokutan ruwa daga bakin masu sana'ar. Ku kuma koya musu iyo a wurin da ba shi da haɗari, a gaban babban da ya ƙware, domin an ruwaito Sayyidina Umar yana umurni da a koya wa yara iyo, kuma mu da ke zaune a ƙasar da kusan kowace shekara ake jin labarin kifewar kwalekwale mun fi kowa bukatar wannan umurni.

Game da tarihi kuwa zan ɗan tsawaita, don a nan ne harshen uba yake iya gina zumunci ko ya shuka gaba. Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar kamar awa guda ce a mota, haka ma tsakanin Birnin Kebbi da Gwandu, amma iyalai nawa ne suka taɓa ɗaukar yaransu takanas suka kai su gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar Sarakunan Kabi da aka mai da wurin adana kayan tarihi a 1958, inda makamai da tambura da kaburburan sarakuna suke? A can ne za ka tsaya da yaro ka ba shi labarin Muhammadu Kanta, wanda a ƙarni na 16 ya fitar da Kabi daga ƙarƙashin Askiya na Sanwai ya gina Surame da ganuwarta ta dutse, wadda kufanta yake nan har yau a cikin Jihar Sakkwato. Ka gaya masa yadda sarauta ta dawo Birnin Kebbi, yadda rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ta ci birnin a 1805, yadda Kabawa suka kafa sabon mazauni a Argungu, har Yakubu Nabame ya sake ɗaga tutarsu a 1849, aka yi ta gwabzawa shekara da shekaru. Kada ka ɓoye masa cewa an yi yaƙi an zubar da jini, amma kada ka tsaya a nan. Ka kai shi har 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya zo Argungu ziyarar zumunci, aka shirya masa babban su don girmamawa, wanda shi ne asalin bikin kamun kifi na Matan Fada da hukumar UNESCO ta shigar cikin jerin al'adun duniya a 2016. Yaron da aka tsayar a bakin Matan Fada yana ganin dubban masunta sun auka ruwa lokaci guda, aka kuma gaya masa cewa wannan taro na sulhu ne tsakanin kakanninsa na ɓangare biyu, ya sami fahimtar da za ta tsare shi ranar da wani zai zo ya zuga shi a kan maƙwabcinsa. Yawancinku ai in aka bi salsala za a tarar da jinin Kabawa da Fulani da Zabarmawa da Arawa a jijiya ɗaya. In hali ya samu a kai su Zuru su ga Uhola, a kai su Yawuri su ga Rigata, su san cewa jihar da aka ƙirƙira a 1991 ta tara al'ummu masu harsuna da addinai dabam-dabam, kuma dukansu maƙwabta ne masu hakki.

Kada kuma ku raba su da kakanninsu. Sababbin unguwanni sun sa kowa ya gina gidansa shi da matarsa, ya ja ƙofar ƙarfe, kuma akwai sauƙi a cikin haka. Amma wasan jika da kaka, da tatsuniyar dare, da labarin shekarar yunwa da ta fara da ta zuwan mota, ba a samun su sai a gindin tsofaffi. Wayar nan da na ce a ajiye lokacin karatu, ga inda take da amfani: ku sa yaro ya zauna gaban kakarsa ya tambaye ta sunan mahaifinta da na kakanta, da garin da suka fito, da sana'ar gidan, ku ɗauki muryarta, sa'an nan yaron ya rubuta abin da ya ji a littafi na musamman da za a adana.

Yanzu ga abin da ya fi kowane nauyi a zuciyata. Duk abin da na lissafa yana iya zama azaba ga yaro in an yi shi da tsawa da bulala, har ya tashi yana jin sallamar ubansa gabansa ya faɗi. Malamanmu ba su yi sakaci da wannan ba: Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, tun a ƙarni na uku na Hijira, ya rubuta littafi a kan ladubban masu karantarwa, ya iyakance horo, ya hana malami dukan yaro cikin fushi; Ibn Haldun a Muƙaddimarsa ya bayyana cewa tsanani ga mai koyo yana koya masa ƙarya da yaudara da kasala, don yana neman kuɓuta ne kawai daga hannun da ke kansa; Imamu Gazali kuma ya yi wasiyya da a bar yaro ya yi wasa bayan karatu, don kada zuciyarsa ta mutu. Sama da su duka ga Manzon Allah, wanda Anas ya yi wa hidima shekara goma tun yana yaro bai taɓa jin kalmar ƙyara daga gare shi ba, wanda ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, ya kuma sumbaci Hasan a gaban mutane har wani baƙo ya yi mamaki. Mu kuwa muna da al'adar kunyar ɗan fari, ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi a gaban manya, kuma ban ce a yar da kunya ba, don ado ce. Amma na ga gidajen da kunyar nan ta zama katanga, har ɗa ya girma ya yi aure bai taɓa zama da mahaifinsa sun yi hira ta minti goma ba, in matsala ta same shi sai ya kai ta wurin abokai, su kuwa su ba shi irin shawarar da suke da ita. Ka sakaya sunansa in ka so, ka kira shi da laƙabi, amma ka zaunar da shi kusa da kai, ka saurare shi har ya gama magana, in ya yi daidai ka ce madalla ya ji da kunnensa.

Ku sani kuma zuciyar yaro tana adana ɗaci kamar yadda take adana daɗi, kuma babu ɗacin da ya kai na bambanci. Sahabi Bashir ya yi wa ɗansa Nu'umanu kyauta shi kaɗai, ya nemi Annabi ya zama shaida, Annabi ya ƙi, ya umurce shi da yin adalci tsakanin 'ya'yansa. Mai mata biyu ko uku ya kula da wannan ƙwarai: in za a je Argungu kallon su, kada a ɗauki 'ya'yan ɗaki ɗaya a bar na ɗayan suna leƙe ta ƙofa, in ana zaman karatu, tabarmar ta ɗauki kowa, har agola da maraya da ɗan riƙo da yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana taya aiki. Mai kaifin ƙwaƙwalwa da mai jinkirin fahimta kada a auna su da juna a gabansu. Shari'o'in gado da yawa da ke raba 'yan'uwa a kotunanmu, in an bi diddigi, ba a kan gona suka fara ba. Sun fara ne tun ranar da wani yaro ya lura cewa ba a kallonsa kamar yadda ake kallon ɗan'uwansa.

Saura waɗanda za su ce, mu ba mu yi karatu mai zurfi ba, ko kuwa sana'a ba ta barinmu mu kwana a gida. Wanda bai iya karatu ba yana iya zama ya ce wa yaro karanta mini in ji, ya tambaye shi ma'ana, ya duba ko an yi aikin gida, kuma yaro yana ƙara himma in ya ga uwarsa ta bar abin da take yi don ta saurare shi. In ta shiga Islamiyyar matan aure ko ajin yaƙi da jahilci, suka riƙa biya karatu tare, wannan ya fi. Direba da ɗan kasuwar da ke bin Jega da Kamba da Legas, da ma'aikacin da aka kai wata jiha, su sa wa kansu lokacin kira wanda yara suka sani, bayan isha ko bayan asuba, a miƙa wa kowane yaro waya ya karanta abin da ya haddace, uba ya gyara masa daga inda yake; in ya dawo gida kuma, daren farko na iyali ne, majalisa ta jira sai gobe.